Gidan tarihin Yahudawa na Tykocin: ku je, amma kar ku tsaya a majami'a kawai

Duk wanda yake Poland, musamman ɓangaren Białystok, gaskiya ya daure ya leƙa Tykocin. Tafiyar kusan kilomita 30 ce, ɗan ƙaramin gari a bakin kogin Narew, mutanensa wajen 2,000, kana shiga za ka ga manoma da filin kasuwa da coci, shiru abinsu.

Gidan tarihin yana cikin tsohuwar majami'ar Yahudawa da aka gina a 1642. Tun 1522 suka zo garin, iyalai 10 daga Grodno, har suka kai kusan rabin mutanen gari kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Ginin kam ya sha gyara a shekarun 1970 kuma an yi aiki mai kyau, domin bayan an hallaka masu shi ma'ajiyar kaya aka mayar da shi. Abin da ya fi kama ni shi ne bangon, an rubuta addu'o'i da manyan haruffan Ibrananci daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta yadda wanda bai da littafi zai ɗaga kai ya karanta, a tsakiya kuma ga dandamalin karanta Attaura da ginshiƙai huɗu. Wurin tsaf-tsaf, ba hayaniya, ba mai gaggauta ka.

To amma fa nan rabin labarin ne. Ranar 25 ga Agusta 1941 Jamusawa suka ce duk Yahudawan gari su hallara a filin kasuwa da sassafe, aka kora maza a ƙafa, mata da yara aka loda su a manyan motoci zuwa ƙauyen Zawady, daga can sai dajin Łopuchowo inda an riga an haƙa ramuka, aka yi ta harbe su rukuni-rukuni, washegari kuma aka dawo aka kwashe tsofaffi da marasa lafiya da suka rage. Sama da mutum 1,400 cikin kwana biyu. Al'ummar da ta shekara sama da 400 a wuri! Yau babu ita a garin, wallahi abin ya tsaya min a rai.

Dajin yana da 'yar tazara daga gari, sai da mota. Direban da muka ɗauko ya so ya zille, wai ba abin gani, sai da muka matsa masa. Kaburbura uku ne na bai-ɗaya, an kewaye su da shinge, ga tutoci da kyandir da 'yan duwatsun da maziyarta suke ajiyewa.

Shawarata ku yi ciniki da mai mota tun farko cewa har da daji, ku fara da majami'ar, ku ware aƙalla rabin yini, kuma ku duba ranakun da ake buɗewa kafin ku taso.