Tsoffin fayil ko ƙuri'a: wa za a kwatanta da wa a binciken tiyatar sankarar bakin mahaifa?

Kowane manomi a Ringim ya san cewa idan ya shuka wani iri a fadama, wani a jigawa, ƙasar ya gwada ba irin ba. Haka binciken tiyata yake.

Hanya ta farko, a zaro tsoffin fayil na asibiti, a kwatanta matan da aka tsaga wa ciki da waɗanda aka yi wa aiki ta ƙananan huji da kyamara. Ba tsada, ba ɓata lokaci. Matsalar ita ce likita ne ya zaɓa tun farko, kuma galibi mai ƙaramin ƙari da ƙarfin jiki ake yi wa ta huji. Baiwar Allah da ta iso daga ƙauye bayan watanni tana zubar jini, idonta fari fat, ina za ta yi daidai da wadda aka gano nata da wuri?

Hanya ta biyu, ƙuri'a ce ke raba matan gida biyu tun kafin tiyata: wasu a tsaga, wasu a yi musu ta huji. Haka wani babban bincike mai suna LACC, da aka wallafa a 2018, ya raba mata 631 masu ciwon a matakin farko. Bayan shekara huɗu da rabi, kashi 96.5 cikin ɗari na waɗanda aka tsaga suna raye ciwon bai dawo ba, masu huji kuwa kashi 86. Ni dai wannan hanya ta ƙuri'a na fi yarda da ita, ko da tana cin shekaru da kuɗi.