Daga Daura zuwa Abuja: a hau jirgi a Katsina ko a Kano?

Malam, ka yi tambaya cewa daga Daura za ka je Abuja, shin filin jirgin Katsina za ka nufa ko na Kano, kuma wanne ya fi kusa a sama.

A sama dai Kano ta fi kusa. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Nnamdi Azikiwe wajen kilomita 360 ne, daga na Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina kuwa wajen 450. Sai dai wannan tazarar ta kilomita 90 ba ta kai wa jirgi minti goma ba. Duk wanda ka hau, ka ƙiyasta awa ɗaya daga rufe ƙofa zuwa sauka. Kafin ma'aikaciyar jirgi ta gama zagayawa da ruwa da biskit, an ce a ɗaura bel.

Lissafin gaske a ƙasa yake. Daura zuwa Katsina ta Mashi kilomita 80 ne ko kusa da haka, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna, kuma filin yana gabashin gari, ta ɓangarenmu ke nan. Filin ƙarami ne, babu dogon layi, nan da nan an auna kaya an ba ka katin shiga. Kano kuwa, ta Kazaure da Ɗambatta, ka ware awa biyu, ka ƙara da cunkoson shiga gari ta wajen Bachirawa da Kurna, inda 'yan adaidaita sahu kan cinye maka rabin awa kana kallon agogo. Ga kuɗin mai ko na mota ya ƙaru.

To me ya sa har yanzu mutanenmu ke bin Kano? Yawan jirage. Kano na da tashi da dama zuwa Abuja a yini, safe da yamma, kamfanoni daban-daban. Katsina kaɗan ne. In aka soke naka a Kano, akwai fatan samun na gaba ranar. In a Katsina ne, wataƙila sai gobe, ko ka kama hanyar Kanon da ka guje wa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke hana jirage sauka a Arewa baki ɗaya.

Ni dai shawarata, in ziyara ce, ko kana tafe da dattijo ko mara lafiya, bi Katsina, jiki zai fi hutawa. In kuwa ganawa ce ko ganin likita mai ƙayyadadden lokaci, ko za ka haɗa da jirgin ƙasar waje, bi Kano, ka ɗauki na safe. Kuma kada ka manta filin Abuja na nesa da tsakiyar gari da wajen kilomita 40, a sa wannan ma cikin lissafi.

Allah ya kai ka lafiya.