Kibiyar maus ta daina daskarewa ba tare da an goge min kwamfuta ba

Duk mai shagon buga takardu ya san takaicin daskarewar kibiya. Ga mai aiki a tsaye yana jiran takardarsa, kai kuma kana ta goga maus a kan tebur, kibiyar tana nan daram a tsakiyar allo. Tawa kwamfutar ta tebur ce, ta hannu na saye ta, tana kan Windows 10, kuma da ita nake neman abinci: buga takardu, cike fom a intanet, gyaran hotunan fasfo. Ta daɗe tana wannan ciwo. Kibiya ta tsaya, can ta saki, ta yi tsalle zuwa wani gefe, ta sake tsayawa. Mai gyaran da na fara nuna wa ko zama bai yi ba ya ce bairos ne, sai an goge komai an sa sabon Windows. Ban yarda ba, domin akwai ayyukan mutane da yawa a ciki. Wannan sharhi kan na biyun ne, wani matashi mai ɗan shago a wajen Beirut Road a nan Kano, wanda wani abokin sana'a ya haɗa ni da shi.

Tun a waya ya hana ni ɗauko ta. Ya ce, "Malam, bar ta inda take, ni zan zo. In ka kawo ta shagona, maus ɗina zan sa mata a kan teburina, ta yi lafiya lau, ka koma gida ta ci gaba." A lokacin na ɗauka kuɗin zuwa yake so ya ƙara, amma abin da ya gano daga baya ba zai taɓa fitowa a shagonsa ba, don haka na ba shi gaskiya a nan.

Da ya zo bai taɓa sukurdireba ba. Ya sa ni na ci gaba da aikina yadda na saba har kibiyar ta tsaya, sai ya miƙa hannu ya danna Num Lock a kibod. 'Yar fitilar ta mutu, ya sake dannawa ta kama. Ya ce wannan ya raba gardama: kwamfutar ba ta sandare ba, tana jin kibod, tsakaninta da maus ne magana ta yanke. Da a ce fitilar ta ƙi motsi, da sai a fara zargin injin gaba ɗaya, ko zafi, ko ma'ajiyar bayanai. Wannan ɗan gwaji da bai ɗauki ƙiftawar ido ba shi ne ya fi min amfani a duk abin da ya yi, kuma ina mamakin yadda na farkon ya yanke hukuncin gogewa ba tare da ya yi shi ba.

Daga nan ya durƙusa ya leƙa bayan akwatin. Maus ɗina mara waya ne, irin mai ɗan ƙaramin risiba da ake sokawa a kafar USB. Risibar tana can baya, ƙarƙashin tebur, jikin bango, akwatin ƙarfe ya shiga tsakaninta da maus. A kafar da ke dab da ita, mai shuɗin ciki, nan nake jona hadis ɗin waje, wato ma'ajiyar bayanai (hard disk), da nake kwashe hotunan mutane. Ya tambaye ni ko tsayawar ta fi yawa lokacin da nake kwafe manyan fayiloli. Da na yi tunani, lallai haka ne.

Bayanin da ya yi min shi ne, kafa mai shuɗin ciki USB 3.0 ce, kuma idan bayanai suna gudu a cikinta tana fitar da hayaniyar rediyo a daidai zangon 2.4 GHz, wanda shi ne zangon da yawancin maus marasa waya suke magana da risibarsu. Sai abin ya zama kamar mai yi maka raɗa a gindin janareta. Ba ƙirƙirarsa ba ce, kamfanin Intel da kansa ya fitar da takardar bincike a kan wannan a 2012, kuma cikin maganin da aka ambata har da nisanta risiba daga irin wannan kafa. Abin da ya yi ke nan. Ya cire risibar ya mayar da ita gaba, a kafa mai baƙin ciki ta USB 2.0, inda take kallon maus kai tsaye. Muka jona hadis ɗin, muka sa babban fayil yana kwafuwa, na yi ta yawo da kibiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba ta ko yi tuntuɓe ba.

Bai tsaya nan ba. Ya juya maus ɗin ya nuna min ramin hasken da ke ƙasa, ƙurar hunturu ta taru a ciki har da ɗan zare. Ya share da auduga busasshiya. Ya kuma ce shimfiɗar teburina mai sheƙi ce, irin wannan maus mai aiki da haske yana ruɗewa a kan gilashi da duk abin da ke ƙyalli, in sa masa faifansa ko ko da farar takarda ce mai kauri. Batir kuma ya canza shi, ya ce idan ya fara rauni tsalle-tsalle yake fara jawowa kafin ya mutu gaba ɗaya.

A cikin Windows abu ɗaya ya taɓa, kuma sai da ya nuna min kafin ya danna. Ya buɗe Device Manager, ya gangara wajen Universal Serial Bus controllers, ya shiga kowane USB Root Hub, a shafin Power Management ya cire alamar da ke bai wa kwamfuta izinin kashe kafar don tattalin wuta. Ya ce a laftof mai batir wannan tattali yana da ma'ana, amma a kwamfutar tebur ribarsa kaɗan ce, ga shi wani lokaci kafar takan yi barci ta ƙi farkawa. Na lura bai buɗe ko folda ɗaya ta ayyukan mutane ba. A shago irin nawa, inda ake ajiye takardun shaidar karatu da katin ɗan ƙasa na jama'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Kafin ya tafi ya koya min yadda zan ceci aiki idan maus ya mutu a tsakiyar rubutu. Ctrl da S su adana abin da ake yi. Ctrl da Shift da Esc su buɗe Task Manager a ga manhajar da ta cinye ƙarfin injin. Maɓallin Windows da X su fito da jerin da ake bi da maɓallan sama da ƙasa na kibod har a kashe kwamfuta ta hanyar da ta dace, maimakon danne makunni. Wanda ban taɓa ji ba shi ne haɗa Alt na hagu da Shift na hagu da Num Lock: idan ka amince da saƙon da ya fito, lambobin gefen dama na kibod sai su koma tuƙa kibiya, 8 sama, 2 ƙasa, 4 hagu, 6 dama, 5 kuma dannawa. A hankali take tafiya, amma ta isa ka sallami wanda ke jira.

Ya ba ni shawarar in ajiye maus mai waya a aljihun tebur, domin da zarar matsala ta taso, jona shi kawai zai nuna ko daga maus ne ko daga kwamfuta. Na sayi Logitech B100. Wayarsa ta kai mita 1.8, ta isa bayan akwati ba tare da ja ba, ba ya buƙatar batir, ba a saka masa wata manhaja. Na saye shi don ajiya, amma yanzu shi ne a kan tebur kullum, mara wayar ya koma aljihu. Ga wanda ke zaune wuri ɗaya daga safe zuwa dare, ban ga abin da rashin waya ke ƙara masa ba sai sayen batir.

Aikin nasa bai rasa abin gyara ba. Ya zo a makare sosai kan lokacin da ya ɗiba, kuma bai kira ya sanar ba, na riƙe mutane ina ba su haƙuri. Yana magana da sauri, rabinta Turancin masu gyara, sai na riƙa tsayar da shi yana maimaitawa, kuma ni na nemi biro na rubuta matakan da kaina. Ba ya ba da rasit, wanda ina ganin mai shiga shagunan mutane ya kamata ya tanada. Kuɗin da ya karɓa kuwa, har da na zuwa, bai kai abin da na farkon ya yanka min na goge Windows ba.

Akwai abin da ya ce ba na maus ba ne, kuma bai yi alkawarin ya gyara shi ba. Da safe idan na kunna ta takan yi nauyi na ɗan lokaci, ya nuna min a Task Manager yadda tsohon hadis ɗin ciki ke kaiwa kashi 100 yana nan a cike. Maganinsa a sa SSD, wato ma'ajiyar bayanai da ta fi hadis sauri, in ji shi, amma ba gaggawa. Ya kuma tuna min cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, don haka in fara shirin abin da zan yi da injin nan gaba. Nauyin safen yana nan har yanzu. Idan na haɗa kuɗin SSD shi zan kira, kuma mun riga mun yi magana cewa sai ya kwafe komai zuwa sabon, na duba da idona, kafin ya cire tsohon.