Rumbun AlphaFold: yadda na same shi wajen nazarin ZAP-70

Na jima ina amfani da rumbun AlphaFold, ma'ajiyar intanet ta siffofin furotin da kwamfuta ta yi hasashensu, wanda DeepMind da EMBL-EBI suka buɗe a 2021, wajen nazarin furotin ɗin da ke isar da saƙo a cikin ƙwayoyin T na garkuwar jiki. Kyauta ne, ba sai ka yi rajista ba. Ka rubuta sunan furotin, siffarsa ta fito, ka juya ta yadda ka ga dama.

Inda ya fi burge ni shi ne kan ZAP-70, ɗaya daga cikin masu isar da saƙon nan, mai amino asid 619 (tubalan da ake gina furotin da su). A littafin karatu akwatuna uku kawai ake jera maka: SH2 guda biyu, wato sassan da ke kama wani furotin, da sashen kinas mai ɗora fosfet a kan wasu furotin. A nan kuwa kowane SH2 da jikinsa za ka gan shi, shimfiɗar beta a tsakiya, murɗen alfa ɗaya ta nan, ɗaya ta can. Da ka matso da hoton sai ga amino asid ɗin arjinin zaune a gindin aljihun SH2, shi ne mai cafke fosfet ɗin da ke kan tairosin, wani amino asid na furotin ɗin da ake kamawa. Na daɗe ina kallon wannan wurin, domin a nan saƙon yake kamawa.

Launukan ma sun taimaka ƙwarai. Shuɗi mai duhu na nufin makin tabbaci ya haura 90, ruwan lemu kuma bai kai 50 ba. Zaren da ya haɗa SH2 na biyu da kinas launinsa ya koɗe, kuma gaskiya ce aka faɗa maka, don wurin ba ya tsayawa a siffa ɗaya.

Amma hasashe ne na furotin shi kaɗai, babu fosfet, babu abokin hulɗa. Alhali ZAP-70 ba ya kama aiki sai wani kinas mai suna Lck ya ɗora fosfet a kan tairosin biyu na ITAM, wato gurbin da ZAP-70 ke kamawa a sarƙar zeta ta mai karɓar saƙo na ƙwayar T. Aljihun da ka gani fanko ne. Don haka nakan koma rumbun PDB, inda siffofin da aka auna ta hanyar kiristal suke. Tun 1995 aka nuna cewa aljihun SH2 na farko ba ya cika sai na biyun ya ba shi gefensa.

Ɗalibi ya fara da AlphaFold, ina ba da wannan shawara da zuciya ɗaya. Sai dai kafin ya yarda da yadda sassan suka jingina da juna, ya duba jadawalin PAE da ke shafin, wanda ke nuna kuskuren da ake tsammani a matsayin sassan dangane da juna.