Mako guda a Orlando ko kwana uku a matsakaicin wurin wasa? Amsa ga Hajiya mai yara uku

Hajiya, ga yadda na fahimci tambayarki. Kun tara kuɗin hutu, yaranku uku: babban yana da shekara 11, na tsakiya 6, auta kuma biyu da rabi. Ke kina son a kai su Walt Disney World da ke Orlando a jihar Florida ta Amurka a yi mako guda. Maigida yana cewa ɓarnar dukiya ce, a nemi matsakaicin wurin wasa a yi kwana biyu ko uku a dawo. Ni dai a bana ina bayan maigida, amma dalilina daban da nasa. Wurin ya ci kuɗinsa, sai dai yaranki biyu cikin uku ba su isa su ci moriyarsa ba tukuna.

Mu fara da bakin ƙofa, tunda nan kowa yake fara lissafi. Lokacin da aka buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya a 1955, dala ɗaya ake biya a shiga, sannan kowane lilo da kuɗinsa daban. Da aka buɗe Magic Kingdom, filin farko na Walt Disney World, a Florida a 1971, kuɗin shiga dala 3.50 ne. A 2015 tikitin yini guda a can ya haura dala 100, a ƙarshen 2024 kuma na ranakun cunkoso a Disneyland ya wuce dala 200. Yanzu babu tsayayyen farashi, kuɗin yana bin kalanda ne: ranar da yara suke makaranta da sauƙi, ranar hutu da tsada. Ke kuma sai an yi hutun makarantar za ki iya tafiya. Akwai kuma abin da mutane ba sa sani sai sun zo biya: a wurin Disney, da yaro ya cika shekara 10 ya zama babba. Babbanku kuɗin manya zai biya. Na tsakiyar ma ragin da za a yi masa bai taka kara ya karya ba, 'yan daloli ne. Auta kaɗai za ta shiga kyauta, don ba ta kai uku ba.

A ɗaya ɓangaren akwai irin su Efteling a ƙasar Holan, wanda yake aiki tun 1952, da Europa-Park da iyalan Mack suka buɗe a garin Rust na Jamus a 1975, da Legoland na Billund a Denmak, na 1968. Duk cikinsu babu wanda tikitin yininsa ya kai Yuro 100, kuma a Efteling da Europa-Park yaron da bai kai shekara huɗu ba ba ya biya. Amma babban bambancin yana wajen yawan kwanaki. Waɗannan wuri ɗaya ne, ƙofa ɗaya, yini biyu ya ishe ku ku zagaye ku ma maimaita abin da ya yi wa yara daɗi. Walt Disney World kuwa filaye huɗu ne a kan ƙasar da ta wuce murabba'in kilomita 100: Magic Kingdom, da Epcot na 1982, da Hollywood Studios na 1989, da Animal Kingdom na 1998. Kowanne yana cin yini. Za ki ga tikitin kwanaki da yawa yana ta sauka, kwana na biyar da na shida kamar an ba ki kyauta. Sun san abin da suke yi. Tikitin ne ya sauka, kuɗin otal da na abinci da na mota suna nan yadda suke, kuma kowace safiya sai an sake biyansu ga mutum biyar.

Sai maganar layi, wadda a ganina ta fi ta tikiti muhimmanci. A 2023 mutum fiye da miliyan 17 suka shiga Magic Kingdom kaɗai. Ki raba da kwanakin shekara, za ki samu wajen mutum dubu 48 a kowace rana, kuma ranakun hutu sun fi haka nesa ba kusa ba. Manyan lilunan da aka zo dominsu, jiran awa guda a kansu ba labari ba ne, hawan kuma minti uku ko huɗu. Daga 1999 Disney tana da wani tsari mai suna FastPass, ka karɓi lokacinka ka je ka dawo ka shiga ba dogon layi, kuma kyauta ne. A 2021 aka soke shi aka kawo na kuɗi, wanda a yanzu ake kira Lightning Lane. Ana biyansa ne ga kowane mutum a kowace rana, wasu lilunan ma sai an saye su daban. Kin ga ke nan an koma gidan jiya, a biya na shiga a biya na hawa. Kuma mutum ɗaya a cikin iyali, yawanci uwa, zai yini kansa a sunkuye kan waya yana neman gurbi a manhaja, alhali yara suna can suna kallon abin da aka zo kallo.

A ce tikiti ya kama dala 150, misali kawai nake bayarwa. Ku huɗu masu biya, dala 600 ke nan a yini tun ba a sha ko ruwa ba. In kun samu hawa takwas, kowane hawa ya tsaya muku dala 75. A matsakaicin wuri, da rabin wannan kuɗin ko ƙasa, za ku iya samun hawa ɗaya da wannan ko fiye, musamman ranar da ba ƙarshen mako ba. Ba ina cewa can babu layi ba ne, Europa-Park ma yakan cika maƙil da bazara. Amma a Efteling akwai wani daji na tatsuniyoyi da ake bi da ƙafa, ba layi ba sharaɗi, a Legoland kuma akwai ƙananan birane da aka gina da 'yan tubalan Lego, jirage suna tafiya a ruwa, motoci suna yawo. Yaro mai shekara shida zai iya tsayawa a nan har ki gaji da kiransa.

Yanzu ga abin da ya sa na ce lokaci bai yi ba. A ƙofar kowane babban lilo akwai sandar awon tsawo, kuma ma'aikacin da ke wurin ba ya jin roƙo, domin ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera an yi shi ne don jiki mai wani girma. Space Mountain a Magic Kingdom yana neman santimita 112. A Universal, maƙwabciyar Disney a Orlando, VelociCoaster yana neman 130, Incredible Hulk kuma 137. Yaro mai shekara shida yawanci yana wajen 115, wato wasu ya wuce da ƙyar, wasu sai kallo. Auta kuwa ko 97 da ƙaramin jirgin Seven Dwarfs Mine Train yake nema da wuya ta kai.

Ki hango yadda ƙarfe biyun rana za ta kasance. Rana ta take, iska ta yi nauyi da zafi irin na Florida, allon da ke ƙofa ya rubuta minti 75. Babban yana zumuɗi. Na tsakiya ya tsaya jikin sanda yana ɗaga dunduniya, ma'aikaciya ta ɗora hannu a kansa tana murmushi ta ce saura kaɗan, sai baɗi. Ya ɓarke da kuka. Auta ta yi barci a keken turawa, wuya ya karkace, riga ta jiƙe da zufa. Maigida ya shiga layi da babban, ke kina neman inuwa da sauran biyun. Akwai tsarin da suke kira Rider Switch, wanda in ya fito ke ma za ki shiga ba tare da sabon dogon layi ba, kuma yana taimakawa. Amma dai iyalin da suka ƙetare teku don su kasance tare sun yini a rabe. Ƙara da cewa tafiyar kilomita goma a yini a can ba abin mamaki ba ce. Zagayen tafkin Epcot kaɗai ya kusa kilomita 2. Shi kansa Magic Kingdom, daga inda ake ajiye mota sai an hau jirgin ruwa ko jirgi mai layin dogo ɗaya kafin a isa ƙofa. In da damina kuka je, hadarin yamma yakan tsayar da lilunan da ke waje, kuma daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne.

Legoland kuwa tun asali an tsara shi ne don yara daga shekara 2 zuwa 12, wato duka ukun naki sun faɗa ciki. Gaskiya babban zai iya raina wasu abubuwan. In shi kike ji, Europa-Park ya fi: akwai Silver Star mai tsawon mita 73 da zai ishe shi, ga kuma ɓangarori na ƙanana birjik.

Kada fa maigida ya karanta wannan ya ce ya yi nasara gaba ɗaya, don araha ba ta ado. Akwai abin da ke Orlando da ba za a same shi a matsakaicin wuri ba, kuma duk wanda ya ce miki duk ɗaya ne bai yi adalci ba. A Animal Kingdom za a ɗauke ku a buɗaɗɗiyar mota a ratsa fili mai raƙuman dawa da giwaye da karkanda na gaske, shingayen duk an ɓoye su a cikin ramuka da tsirrai har ba ki ganinsu. A ƙarƙashin Magic Kingdom akwai hanyoyi da ma'aikata da kaya da shara suke bi, shi ya sa ba za ki ga motar kaya ta ratsa tsakiyar mutane ba. Da dare a haska fadar da ke tsakiyar Magic Kingdom mai tsawon kusan mita 58 da hotuna masu motsi, wasan wuta yana tashi a bayanta daidai da kiɗa. Yaron da ya haddace wani fim zai taka cikin titin da ya sani a allo, ya taɓa bango da hannunsa, ya yi magana da wanda yake gani a talabijin. Wannan aikin shi ake biya, kuma ya cancanci a biya shi. Tambayar ita ce wa zai riƙe shi. Mai shekara 11 zai riƙe har girma. Na shida zai riƙe wasu. Auta kuwa, yawancin mutane ba sa tuna abin da ya faru da su kafin shekara uku ko huɗu. Za ta ji daɗi a lokacin, babu shakka, amma daidai da daɗin da za ta ji a wurin ninkaya na otal. Ke ce za ki tuna fuskarta. Wannan ma dalili ne mai kyau, in dai kin san don shi kike biya.

To in an jira fa? Nan da shekara uku babban yana 14, na tsakiya 9, auta biyar da rabi, ta doshi santimita 112, ta bar keken turawa, ta daina barcin rana. Na tsakiya ya wuce yawancin sanduna. Kowa zai hau kusan komai tare. Jiran yana da nasa kuɗin, ba zan ɓoye miki ba. Auta za ta fara biyan tikiti. Ɗakunan otal masu sauƙi na Disney yawanci mutum huɗu suke ɗauka da jariri ɗaya da bai kai uku ba, don haka a bana ɗaki ɗaya ya ishe ku, a lokacin kuwa sai ɗakin mutum biyar ko ɗakuna biyu. Farashin tikiti kuma tarihi ya nuna hawa yake yi. Kujerar jirgi dai babu bambanci, tunda ta wuce shekara biyu ko yanzu sai an saya mata. Duk da haka na fi son a biya wa mutum biyar su biyar su more, da a biya wa huɗu mutum ɗaya ya more sauran suna gadin jaka.

Akwai kuma tsaka-tsaki da ba ki ambata ba. In sunan Disney ne dole, Disneyland Paris da aka buɗe a 1992 filaye biyu ne ƙofa da ƙofa, jirgin ƙasa daga birnin Paris yana tsayawa a bakinsu, kwana biyu ko uku sun isa. Tokyo Disneyland na 1983, wanda kamfanin Japan mai suna Oriental Land yake gudanarwa, tikitinsa ya fi na Amurka sauƙi sosai. In zafi da ruwan sama ne damuwarki, Warner Bros. World da aka buɗe a tsibirin Yas na Abu Dabi a 2018 duk a rufe yake cikin sanyin na'ura, Ferrari World yana kusa da shi don babban. Wanne ya fi muku sauƙi, kuɗin jirgi da biza ne za su yanke, don sau da yawa su ne suke cinye kaso mafi girma tun ba a ga ƙofar wurin ba.

Kafin ku biya komai, ki jingina yaran da bango da takalmansu a ƙafa ki auna su, don da takalmi ake awo a can. Ki buɗe shafin wurin da kuke so, kowanne yana rubuta tsawon da kowane lilo yake nema, ki ƙirga nawa ne ukun za su hau tare. Ki yi wa wuraren biyu haka ki ajiye a gaban maigida.

Abu biyu ne za su sa in canja amsata. In dama wata hidima za ta kai ku Florida, jirgi da masauki sun riga sun fita, to ku sayi tikitin kwana biyu, ɗaya Magic Kingdom ɗaya Animal Kingdom, ku isa kafin a buɗe ƙofa, ku shiga da abincinku tunda an yarda, ku koma masauki da rana ta take ku dawo da yamma. Ko kuma in akwai babba na uku da zai bi ku, kaka ko ƙanwarki, wanda zai riƙe auta da son ransa, to rabuwar da na kwatanta ta ragu sosai, mako gudan ma zai yiwu a bana, muddin daga ajiyar za a biya ba daga rance ba.