Takardar firintar leza ko takardar zanen ruwa

'Yar'uwa, tsakanin biyun da kika tambaya don koyon rubutun ƙawa, takardar firintar leza mai santsi da takardar zanen ruwa, ki ɗauki ta leza mai nauyin giram 120 (wato nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar), kada ki tsaya wasiwasi.

Da ita nake atisayen rubutun ƙawa, kuma har yau ba ta ba ni kunya ba. Ranar da na fara ɗora bakin alƙalami a kanta, na ja siririn layi daga ƙasa zuwa sama, sai ya tafi sumul, bai tokare ba. Na danna na sauko, layin ya buɗe ya yi kauri, gefensa tas kamar da reza aka yanke shi. Don daɗi, harafi ɗaya na yi ta maimaitawa har shafin ya cika. Sirrin yana fuskar takardar ne. An goge ta sosai, kuma ba ta shan ruwa da sauri, tunda firintar leza da garin tawada take aiki. Saboda haka tawada takan zauna a sama, ta bushe a inda aka ajiye ta. A takardar da ke shan ruwa kuwa, tawada bin zaren takardar take yi, gefen harafi ya yi gashi-gashi, wani lokaci ma ta ratsa ta fito ta baya. Abin da ke ba ni tausayi shi ne, mai koyo sai ya ɗora wa hannunsa laifi ya karaya, alhali takarda ce ta cuce shi.

Ga kuma yawa. Mai koyo yana bukatar takardar da zai ɓata ba tare da ya ji ciwo ba. Kuma tunda ta firinta ce, kina iya buga layukan jagora a kanta kai tsaye, da na tsayin harufa da na karkatarsu.

Ta zanen ruwa, mai giram 300, na taɓa saya, tana nan a ajiye. Kyau kam tana da shi, amma yawancinta fuskar da kaushi, bakin alƙalamin ƙarfe ya maƙale, tawada ta fantsama. Ki bar ta sai ranar da za ki rubuta abin ratayewa a bango, nan ma ki nemi irinta mai santsi.

Kada kauri ya ruɗe ki. Takardar Rhodia ta Faransa giram 80 ce kawai, amma tana riƙe tawada fiye da masu kauri da yawa, kuma mai ɗigo-ɗigonta, da tazarar milimita 5, tana taimakawa wajen daidaita harufa. In kuma da alƙalamin gora kike rubutun Larabci, mai sheƙi ta fi, domin alƙalamin ya riƙa zamewa. Shi ya sa marubutan Turkiyya tun zamanin da suke shafa wa takarda sitaci da farin ƙwai, su goge ta kafin su rubuta.

Ki yi hattara da masu sayarwa, musamman a intanet. Wasu sukan cusa takarda mara nauyi a ledar mai kyau, wasu su manna hoton rubutu mai kyau a jikin ledar su ce ta musamman ce. Ma'auni yana tona asirinsu: takardar A4 ɗaya mai giram 80 nauyinta giram 5 ne, mai giram 120 kuma giram 7.5, wato guda 10 su ba ki giram 75. In da hali, kafin ki sayi rim guda, ki karɓi 'yan kaɗan ki gwada da tawadarki, ki duba gefen layin, ki juya bayan ki gani. In kin zauna rubutu, ki shimfiɗa wata takarda a ƙarƙashin hannunki, don maiƙon fata yana hana tawada kamawa.