Bil ɗin wuta a Maryland da inda ake kai kuka

'Yan uwa, kun ishe ni da tambayar ko ana ɗauke wuta a Amurka. Ana ɗaukewa, in guguwa ta kayar da itace kan waya. Abin da ke ƙona rai a nan shi ne bil. A bazarar 2025 nawa ya yi tashin gwauron zabo, alhali ko fanka ban ƙara ba.

Maƙwabcina ya ce in rubuta wa hukumar jiha mai sa ido kan kamfanonin wuta. Na rubuta ne kawai don kada ya ce na raina shawararsa. Sai ga wata mata ta kira ni, lambar kokena a gabanta, ta bi bil ɗin nan layi-layi. Ta ce kuɗin wayoyin unguwa su ke yanke shi, kamfani ba ya ƙara ko sisi sai ya zo gabansu da hujja. Na manyan layukan da ke tsallaka jihohi kuwa, wannan na FERC ne, hukumar tarayya. Wallahi na ajiye waya ina mamaki, ma'aikaciyar gwamnati ce ta neme ni, ban san kowa ba.

Tushen ƙarin yana wajen PJM, mai juya wuta tsakanin jihohi 13 da birnin Washinton, mutum wajen miliyan 65. A gwanjonta na Yulin 2024, kuɗin da ake biyan tashoshi don su zauna cikin shiri ya tashi daga kusan dala 29 zuwa kusan 270 kan kowane megawat a rana. Rumbunan kwamfuta na arewacin Virginia, wato manyan gine-ginen da ake ajiye bayanan intanet, suna zuƙar wuta, tsofaffin tashoshin kwal kuma ana rufewa. Gwamnan Pennsylvania, Josh Shapiro, sai da ya kai ƙara FERC kafin aka sa wa farashin linzami. Ni da ban mallaki rumbu ba, ni ke biya. Wannan kam da ciwo.

Amma jiha na da nata makamin, ƙasar da za a kafa turaku a kai. PJM za ta iya cewa a ja layi, ba a kafa turke ɗaya sai hukumar jiha ta ba da takardar izini. Akwai layi mai tsawon kusan mil 70 da ake son ratsawa da shi ta gundumomin Baltimore, Carroll da Frederick na nan Maryland. Manoma sun kafa allunan ƙin yarda a bakin gonaki, har da lauyoyi. FERC ma da ta fitar da ƙa'idarta mai lamba 1920 a 2024, ta tsara layuka na shekara 20, sai da ta dawo ta gyara, ta ƙara wa jihohi baki a kan yadda za a raba kuɗin.

Wani lokaci ina kewar ihun yara a gida Najeriya in an kawo wuta, unguwa ta ɗauka gaba ɗaya. Nan ba mai murnar wuta.

Na ji tun 2023 doka ta ba jihohinmu damar kafa nasu hukumomin, Enugu da Legas har sun karɓa. Madalla. To wa zai rubuta musu? Mu da in an kawo bil na ƙiyasi sai mu ce Allah ya isa, da dare a kira yaro ya zagaye mita. Tiransifoma ta ƙone a yi karo-karo gida-gida, a sayo, a biya masu ɗaurawa, ko rasit babu wanda zai nema, gobe kamfani ya lissafa ta cikin kayansa.